Kilo Casa'in da Huɗu

Mako shida Gunhild ta yi tana haɗa tafiyar nan, kuma duk wanda ya taɓa tara matuƙan ƙananan jiragen sama a kan magana guda ya san ciwon kai ne tsantsa. Wannan ba ya tashi kafin ƙarfe tara, wancan ba ya zama da mai surutu. Ta dai lallaɓa kowa, ta samu jirage biyar, ta nemi izinin sauka a tsibirin Anholt, ta sa a tanadar musu soyayyen kifi da dankali. Sai ga shi safiyar Asabar ɗin tafiyar, suna ɗakin ƙungiyarsu, kofi bai ko huce ba, Viggo, ɗaya daga cikin matuƙan, ya fita ya daɗe yana kallon tutar da ke nuna ƙarfin iska, ya dawo ya ce shi yau ba zai tashi ba.

Dokar ƙungiyar ke nan: matuƙi in ya ce ya fasa, to ya fasa. Ba a tambayarsa dalili, ba a roƙonsa, ko tsaki ba a yi. Preben ma, wani matuƙin, farantin burodi ya tura masa. Gunhild kuwa ta juya ta dubi Aksel, don kujerar da ke gefen Viggo a jirgi tasa ce.

Aksel ne ya koya mata tuƙi, shi ya koya wa rabin mutanen ɗakin. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa fashin tafiyar Anholt ba, har bayan da likita ya hana shi tuƙi ya koma ɗan rakiya. Abin da sauran ba su sani ba ita ta sani, don ita ke kai shi asibiti duk Talata tun Fabrairu. An ce da wuya ya kai baɗi. Ya sa ta yi alkawarin yin shiru, wai shi ba ya son a fara riƙe masa ƙofa.

Nan take ta ce ta bar masa kujerarta a jirgin Preben. Preben ya ciro fensir ya nufi takardar da ke jikin bango, inda kowa ke rubuta nauyinsa da hannunsa. Takardar ma tana da tata dokar: abin da mutum ya rubuta shi ne, ba a musu. Ya yi lissafi a fili. Ƙarti uku ne a jirgin, tanki dole ya cika don ba za su samu mai a can ba, filin jirgin kuma gajere ne, ciyawa ce, ta sha ruwa jiya. Abin da ya rage kilo saba'in da shida. A gaban sunan Aksel kuwa casa'in da huɗu ne.

"Tsoho, da ka rage wa man shanu hannu, ai da ka shiga," in ji Preben.

Aksel ya ce gara ma haka, shi ba ya marmarin jirgin da ake saukarwa kamar an jefo buhun dankali. Ɗaki ya ɗauki dariya. Gunhild ba ta yi ba. Wai duk cikinsu babu mai ido? Mutum a watan Yuni da rigar sanyi biyu a ƙarƙashin kwat ɗin fata! Ranar Talata tana tsaye aka ɗora shi a sikelin asibiti, sittin da tara ya nuna.

Ta ja shi bayan rumfar jirage.

"Malam, don Allah ka gyara lambar nan. Fensir ne kawai."

"In na rubuta sittin da tara, Preben ya iya lissafi. Kafin tsakar rana kowa ya sani, su kai ni tsibirin nan suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu rakiyar gawa."

"To sai me? Ka dai je."

"Casa'in da huɗu, Gunhild. Kamar kowace shekara."

Haushinsa ya kama ta, tausayinsa ya fi. Ta koma ta bi sauran jirage ukun ɗaya bayan ɗaya, duk sun cika maƙil. Ta ce ko Preben ya yi sawu biyu, ya nuna mata rahoton yanayi: bayan sha biyu iskar ƙaruwa za ta yi. Ta leƙa kicin ta ga Viggo yana wanke kofuna. Ta san in ta faɗa masa kalma ɗaya zai ajiye soso ya ɗauki makulli, ya tashi cikin iskar da zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba. Shi ya sa aka yi dokar, kuma Aksel ne ya rubuta ta a allo tun Gunhild tana ɗaliba. Ta tsaya a bakin ƙofa har Viggo ya tambaye ta ko tana son wani abu. Ta ce kofi.

Preben ya ce ta zo ta hau kujerarta mana. Ta ce ta fasa, shi ma bai tambaye ta dalili ba.

Suka zauna a benci su biyu, jirage huɗu suka tashi bi da bi. Aksel yana bin kowanne da ido yana ba shi maki, ya ce Preben har yau yana ɗaga hancin jirgi da wuri, shekara ashirin yana faɗa masa. Da na ƙarshe ya shige bayan bishiyoyi sai ya daɗe yana kallon gabas, inda tsibirin yake. Can ya ce baɗi ta sa shi a jirgin da ya fi girma. Ta ce to.

Ya dafa benci zai miƙe, ƙafafun suka ƙi. Ya sake gwadawa. Gunhild ta sa hannu a hammatarsa ta ɗaga, ta shirya jin nauyi, sai ga shi tsaye gaba ɗaya. Da hannu ɗaya ta ɗaga shi, kofin da ke ɗaya hannun ko zuba bai yi ba.