Batirin Kyaftin Ya Koma Wutsiya

Ranar da sufeton jiragen sama ya zo duba jirgin, ko kallon fentin da Kyaftin ke alfahari da shi bai yi ba. Sikeli ya shimfiɗa ƙarƙashin kowace taya, sannan ya ce, "Malam, shiga ka zauna."

Kyaftin dai ba kyaftin ba ne. Bakaniken mota ne da ya kwashe shekaru yana harhaɗa ɗan jirgi mai kujera ɗaya a garejin bayan gidansa. Maƙwabta suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu tunda kyauta ne.

Ya shiga ya zauna. Kujerar can gaba take kusa da hancin jirgin, batir yana ƙarƙashin ƙafafunsa. Sikelin gaba ya yi ɗan nishi.

"Yaushe ka yi lissafin nauyin nan?"

"Tun farkon aikin, ranka ya daɗe."

Sufeto ya dubi takardar, ya dubi tumbin Kyaftin, ya sake duban takardar.

"To wanda aka ƙera wa jirgin nan bai zo ba. Hanci ya rinjayi wutsiya. In ka hau titin tashi a haka, gudu kawai za ka yi ta yi har titin ya ƙare. Ko ka rage kanka, ko ka mai da batir wutsiya. Zan dawo sau ɗaya. In bai daidaita ba, babu takarda, babu tashi."

Kyaftin ya yi nazarin zaɓin biyu a kan farantin abincin rana. Kafin ya suɗe hannu ya zaɓi batir.

Ya yanka alminiyam, ya lanƙwasa shi ya zama ɗan faranti mai baki, ya huda ramukan kusoshi, ya ja waya mai kauri daga gaba har baya. Duk wannan wasa ne a wurinsa. Matsalar ita ce wutsiyar kamar mazurari take, tana tsukewa, kuma hanyar shiga ɗaya ce: wata 'yar ƙofa a gefen jirgin. Kusoshi daga waje ake zura su, amma notinsu sai an riƙe daga ciki. A da ya sha shiga nan yana fitowa. Don haka ya saka tocila a baki, ya tura kai, ya tura kafaɗu, ya ja numfashi ya tura sauran.

Sauran ya ƙi.

Gaba ta gagara, baya ta gagara. Ya tofar da tocilar ya fara kira, da farko cikin mutunci.

Matarsa tela ce, kuma tun ranar da aka sauke ƙarfen farko ta ce ƙafarta ba za ta taka garejin ba. Sunan jirgin a bakinta makara mai fuka-fuki. Amma da kiran ya bar mutunci, sai ta kashe keken ɗinki ta leƙo. Ƙafafu biyu ta gani suna iyo a iska.

"Baban yara, tashin ke nan?"

"Ja ni, don Allah."

"Dama an ce min jirgi yana haɗiye mutum. Ban san daga kai yake farawa ba."

"Maman yara, numfashina!"

Ta kama idon sawunsa ta ja. Wandon ne ya fara amsawa. Da ta sake ja, ya fito gaba ɗaya, babu maɓallin riga ko ɗaya, ya zube a siminti.

Yana zaune yana haki, yana duban 'yar ƙofar. Ta jira ya fara kawo hujja kamar yadda ya saba, bai kawo ba.

"In ba a ɗaure abin nan ba fa?" ta tambaya.

"Shi ke nan. Sai masu sayen tsohon ƙarfe su zo su auna jirgin."

Ya ɗauka murna za ta yi, kuma ba zai ga laifinta ba. Ta dubi fuskarsa. Sai ta cire mayafi ta rataya a farfela, ta gyara ɗaurin zani.

"Ba ni sifanar."

Ta shige kamar zare a allura. Daga nan muryarta ta riƙa fitowa ta cikin ƙarfen, shi yana waje yana murza kusoshi.

"Waɗannan siraran wayoyin da ke wucewa ta nan, na mene ne?"

"Su ke juya wutsiya."

"In batirin ya yi tsalle ya faɗa kansu fa?"

"Ai akwai ɗamara biyu da zan ɗaure shi da su."

"Miƙo ta uku."

Ya miƙa. Kowace kusa sai da ta sa ya sake murza ta.

"Wannan ta ɗauru fa."

"Ba kai na tambaya ba. Ƙara."

Da ta fito, baƙin mai a goshinta, gwiwar hannunta ta kuje, Kyaftin ya buɗe baki zai yi godiya. Da ƙyar ya ce, "Allah ya saka miki."

"Ba don makararka na shiga ba," ta ce tana karkaɗe zani. "In dai dole sai ka hau ta, gara a ce hannuna ne ya ɗaure. Ni na san ɗaurinka. Ƙofar kicin ma ta sani."

Sufeto ya dawo da sikelinsa. Ya leƙa wutsiya da tocila, ya girgiza batirin, ko motsi. Kyaftin ya shiga ya zauna, ya tsotse ciki, kamar sikeli yana ganin wannan. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki.

Sufeto ya yi lissafinsa, ya sa hannu.

"Ya daidaita. Amma ka ji da kyau, Malam: da nauyinka na yau aka daidaita shi. In ka rame, wutsiya ce za ta rinjaya, sai an dawo da batirin gaba."

"Kin ji ko?" in ji Kyaftin. "Hukuma ce ta faɗa."

Da ta zuba masa abincin rana, ta ƙara cokali guda ba tare da ya roƙa ba. Ya cinye tas, saboda tsaron lafiyar jirgi.