Ciwon Malam Hammadu

"Yau ma zane ya ɗaura?" Inna Kulu ta tambaya, tana tsintar shinkafa.

Yasira ta janye ido daga kafar dangar da ta raba gidansu da na maƙwabcinsu Malam Hammadu. "Zane ne, Inna."

"Hmm. Mutumin da ke ƙetare ruwa da shanu har Warra, yau shina tahiya kamar mai jego. Akwai hannu cikin wanga abu."

Hannun da Inna ke nufi na Dudu ne, matarsa mai tallar nono. Tun damina Hammadu ya daina sa wando. Zama yake a tabarma ƙafafu a ware, wanda duk ya tambaya sai ya ce basir ne. Bafulatani kuwa, da ya faɗi inda ke masa ciwo gara ya mutu da abinsa. Kullum Dudu na wanke tsummoki ta shanya a bayan rumbu, wai kar a gani. Yasira na gani. Har warin tana ji in iska ta juyo.

Sai da tsayuwa ta gagara ƙanensa Tanko ya kai shi asibiti Sakkwato. Ba su daɗe ba suka dawo. A ƙofar gida Tanko ya sassauta murya ya gaya wa maza: daji ne ya ci fatar marainansa, an makara. Likita ya ce an samu wata ƙwayar cuta a ciki, wai HPV, wadda ake ɗauka wajen kwanciya.

Kafin magariba unguwa ta ajiye zancen sammu ta ɗauki wani. Mace ce mai yawon kasuwa, yau Yelwa gobe Warra, wa ya san inda take yini? Nonon Dudu ya fara dawowa gida a cikin ƙwarya.

Wani hantsi Yasira na wanke-wanke a gindin danga ta jiyo Tanko.

"Yaya, ka sake ta tun da ranka. Wadda ta jawo maka wannan ba ta yi maka takaba."

Can muryar Hammadu ta fito kamar daga rijiya.

"Rabin magana ka hwaɗa musu. Likita ya ce abin shina kwana jikin mutum shekara da shekaru, ba a sanin wa ya ba wa. Ni kuwa na ga ɗan tsiron nan tun Dudu tana gidan ubanta. Kunya ta hana ni nuna ma kowa. Ka tahi ka hwaɗa musu sauran."

Tanko ya fito, ya tsaya yana kallon danga. Yasira ta duƙe, hannunta cikin ruwan wanke-wanke, har ya wuce.

Bai faɗa wa kowa ba. Ranar Alhamis bayan la'asar Hammadu ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta mata suka cika tsakar gida, sai dai tabarmar Dudu ba kowa a kai sai ita. Lokacin tsefe mata kitso ya yi, don ta shiga takaba. Aikin manyan mata ne, amma kowace ta tsura wa ƙasa ido.

Yasira ta matsa kusa da uwarta ta yi mata raɗa.

"Ke, mi kika sani? Ko ita ta aiko ki?"

"Da kunnena na ji, Inna!"

Muryar ta fi yadda ta so. Aka juyo gaba ɗaya. Ita da ko gaisuwa sai ta rufe fuska da hijabi, dole ta maimaita maganar Hammadu tiryan-tiryan.

Tsohuwa Zulai'atu ta taɓe baki. "Mai mutuwa ya so shi rufa ma matatai asiri, shi ke nan. Kuma mi ya kai budurwa laɓe?"

Wasu suka gyaɗa kai. Inna Kulu ta daɗe tana kallon ɗiyarta, irin kallon da take wa mudun 'yan kasuwa. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta zari tsinke a jikin danga, ta je ta zauna a bayan Dudu.

"Matso nan, ɗiyata."

Ta zame mata ɗankwali. Dudu ta kwantar da kai a gwiwarta, idonta a rufe. Kitso na farko ya warware a hankali.