Kujerar Auta

…kuma ko samfefa bai goga mata ba. Ko samfefa! Mutum ya shafa hannun kujerar, sai sartse ya shige shi. Amma ita ce a tsakiyar falon Baba, ita ake nuna wa baƙi.

Yana tsaye a ɗakin bayan gida inda yake taɓa aikin katako ranakun hutu, ko takalmi bai cire ba tun dawowarsa daga wajen Baba. Tasa kujerar na kan benci, ƙafafu sama, kamar akuyar da aka kayar. Mazauni ya haɗu, hannuwa sun zauna daram. Majingina ce kawai ta rage. Kawai…

"Auta ne ya yi mini, da hannunsa." Baba ya faɗa wa maƙwabci, ya faɗa wa mai kawo magani, har shi ma ya faɗa wa. Shi! Kamar ba zartonsa Auta ya ara ba. Auta mai gyaran waya, wanda bai san gaban guduma da bayanta ba. Ya kalli bidiyo, ya tsinto katakon da aka yar a bayan shagonsu, Asabar ya fara, Lahadi da yamma Baba na zaune a kai. Ƙusoshi ta ko'ina, kai ka ce haƙoran kada.

Shi fa? Shi da aikinsa ke nan a asibiti, ɗaukar hoton ƙashi? Da hannunsa ya kwantar da Baba a kan injin, ya ɗaga hoton a haske, ya ga yadda ƙashin bayan ya karkace daga ƙasa. A ranar ya yi alkawari — Baba, zan yi maka kujerar da za ta bi bayanka sak, ka manta da ciwon nan. Baba ya yi dariya. "To, Babba, Allah ya sa ina da rabon zama." Wasa yake yi. Wasa ne… ko?

Yaushe ne ma? Kafin auren Auta. Yanzu 'yar Auta har gudu take yi.

Majinginar ce ta ƙi. Ta farko ta miƙe da yawa. Ta biyu ta tsage wajen lanƙwasawa. Ta uku ta yi, matarsa ta rantse ta yi, amma yatsansa ya ji wani ɗan tudu, tudun da ido ba ya gani, baya mai ciwo kuwa zai ji shi. Laifi ne mutum ya so abu ya yi daidai? Sannu ba ta hana zuwa. "Sai dai a daɗe ba a je ba," haka take ƙarasa masa kullum, tana dariya. Ita ta sa wa ɗakin nan suna asibiti, wai ana kwantarwa, ba a sallama. Ga kabad ɗinta can ba ƙofa. Ga motar katako ba taya, yaron da aka fara ta dominsa yanzu gemu yake nema. Ga wani abu a lungu da shi kansa ya manta me zai zama — teburi? Keji?

Kai Auta, kai Auta… Suna yara, shi Babba ya zo na ɗaya a aji, ya taho da gudu, numfashi sama-sama. Baba ya ce madalla, idonsa na kan rediyon da yake murɗawa. A wannan makon ne Auta ya zana kifi da gawayi a bangon tsakar gida. Kifi mai ƙafa! Baba ya hana a goge, sai da ruwan sama ya wanke shi, kuma Baba ya yi ta jaje kamar an yi rashi.

Ba ƙiyayya ba ce. Wa ya goya Auta zuwa makaranta? Wa aka fasa wa baki a kansa? A'a. Gaskiya ce kawai, aikin banza sunansa aikin banza. Majinginar Auta a miƙe take ƙyam kamar bango. Me Baba ya yi? Ya cusa filo. Filo! Ya gyara zama, ya lumshe ido: "Ka ga, daidai ni." Duk awon nan, duk zanen nan, duk katakon da ya jira ya bushe… filo ɗaya na ɗakin baƙi.

Yana ɗaukar majingina ta uku, yana juya ta, yana ajiyewa. Akwai abin da tun a hanya yake kewayewa kamar mai gudun kwata.

Ɗazu a falon, ƙwayar maganin Baba ce ta faɗi, ta gangara ƙarƙashin kujerar. Ya sunkuya ya ɗauko. Ƙafar baya ta hagu. Tsaga ce, daga gindin ƙusa ta yi ƙasa, Baba na motsawa tana buɗe baki, yana natsuwa tana rufewa. Idon da ke tsinto tsagar ƙashi siririya kamar gashi, wannan za ta ɓoye masa? Ya gani. Ya miƙe, ya hure ƙwayar, ya miƙa wa Baba da ruwa. Auta ya rako shi har mota, yana sosa ƙeya.

"Yaya, ya ka ga aikin ɗalibinka? Don Allah kar ka rufa mini."

"Ta yi kyau."

Shi ke nan. Ta yi kyau. Ya ja ƙofa ya tafi.

Mantuwa ce. Gajiya ce, jiya ya yi aiki har… Wa yake ruɗi? Fito ya yi ta yi a mota. Fito! Rabonsa da fito tun yana saurayi. Me yake gani a ransa yana tuƙi? Ƙas, ƙafa ta karye, Auta ya yi tsuru-tsuru, Baba na cewa ku kira mini Babba, shi ya san aikin nan. Kuma a hoton nan na ransa kujerar ba kowa a kanta. Ba kowa… alhali in ba kwanciya ko banɗaki ba, me ke ta da Baba daga kanta? Ƙugun tsoho. Kullum ana turo masa irinsu a keke, ƙashi kamar busasshen kara, faɗuwa ɗaya. Nawa ne suka sake takawa?

Innalillahi.

Gam. Ina gam ɗin? Ga shi, bakin ya bushe, amma akwai saura. Abin matse katako, noti biyu masu tsawo, guntun da zai tokare ƙafar ta ciki. Aikin ɗan lokaci ne. Zai yi shi yadda ko giwa ta hau ba za ta motsa ba, ya san hannunsa. Sannan kujerar ta zauna har abada, Baba ya riƙa bubbuga ta gaban baƙi — kun ga aikin Auta, ko gezau. Shi zai yi wa kansa wannan. Da gam ɗinsa.

"Baban yara, fita za ka sake yi?" matarsa ke tambaya daga kicin.

Hanyar da nisa, ga cunkoso. Baba yanzu haka yana kai, wataƙila yana miƙa hannu ya ɗauki wani abu, nauyinsa duk a hagu… Waya ta fi sauri. Magana ɗaya ce: Auta, ta da Baba daga kujerar nan yanzu. Ga sunan a fuskar wayar, ga yatsansa a kai. Auta zai tashe shi, babu gardama, Auta bai taɓa yi masa gardama ba. Zai durƙusa ya leƙa, ya ga tsagar, ya yi salati. Sannan ya dawo kan wayar da muryar nan tasa mai gaskata kowa —

Yaya, yaushe ka gani?