Fetur ɗin Kan Dutse

Tun da suka gangaro daga duwatsun Colorado zuwa Texas, injin a-kori-kurar Hoyt yake ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya canja fulogi, ya zagi motar, a banza.

Matarsa Darlene ta ce, "Maigida, fetur ɗin da ka jibgo a jarkoki ne. Ba shi da ƙarfi, can kan dutse kaɗai yake aiki."

"Ke dai dawaki kika sani."

Tanki na yin ƙasa Darlene ta cika shi da fetur mai ƙarfi a gidan mai, ta karɓi tuƙi, ta nufi tudu, ta take totur. Ƙara ta ɗauke ɗif.

Ta dube shi. "Ƙara biyu ke damuna a motar nan. Ga shi duk sun yi shiru."