Kwanan Gwaji a Gidan Mai Faci

Ga ta nan tafe gare ku.
Ta iso mu ji ta.

"Cire tukunyar nan," in ji Mai Faci daga kan tabarmarsa. "Taron biki za ka ciyar a hanya?"

Tela ya tsaya riƙe da keken, jakunkunan da ya ɗinka da hannunsa sun kumbura a baya. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu tun suna da baƙin gashi. Mai Faci ya yi ƙuruciyarsa yana yawo a kan keke, yana kwana inda rana ta faɗi masa, kafin ya kafa rumfar gyara a bakin layi. Tela kuwa, tafiyarsa mafi nisa ita ce kasuwar yadi. Sun daɗe da alkawarin za su je wani tafki tare, da tantinsu da abincinsu, sai ciwo ya kwantar da Mai Faci. Ya ce Tela ya je shi kaɗai, ya kawo masa labari.

Tela ya amsa da baki, amma kullum da dalilinsa: yau birki, gobe ɗinkin mutane. Tsoronsa ɗaya ne, kada ya tafi ya dawo ya tarar babu mutumin.

"Mai nauyi a ƙasa, kuma ka raba shi daidai hagu da dama," in ji Mai Faci. "Famfon ba taya iska, gam, tsohon tib na faci. Ruwa ya fi riga. Ranar farko kada ka yi zari, ka sauka da sauran ƙarfinka, ka yi wa masu wuri sallama kafin ka buga turken tanti. Ban da kwana a ƙoramar da ta bushe, komai laushin yashinta."

"Na ji, Yaya. Sai dai wannan makon..."

"Na san makonninka." Ya yi tari, ya huta. "Saura abu ɗaya. Ba a fara kwanan daji a daji. A tsakar gida ake farawa. Abin da ka shiga ɗaki ka ɗauko, shi ka manta. Abin da ba ka taɓa ba, ka bar shi. Gidanka siminti ne, zo ka kafa a nawa."

Da la'asar Tela ya kafa tanti a ƙarƙashin tagar ɗakin, Mai Faci yana ba da umarni daga ciki, Goggo matarsa tana dariya a bakin murhu.

"Ƙofar ta kalli iska, juya ta. Ka shafa ƙasan da hannu? Tsakuwa ɗaya ta isa ta hana ka barci."

Tela ya zo kunna ɗan risho, sai ya tsaya yana lalube a aljihu.

"Goggo, ara mini ashana."

"Babban matafiyi ke nan," in ji ta, ta miƙo masa.

Da gari ya waye Tela ya dafa shayi, ya kai kofi ɗaki. Mai Faci ya faɗa sosai a kan jiya, amma idonsa garau.

"Me ka aro?"

"Ashana."

"Me ba ka taɓa ba?"

"Rabin kayan."

"To ka zama matafiyi." Ya ɗan kurɓa. "Sukarin nan kuma na mutum uku ne."

Tela ya zauna ya tallafe masa kai, Goggo tana wajen ƙafafu. Mai Faci ya ɗan yi musu zancen tafkin, yadda ruwan yake yin ja da yamma, daga nan sai salati. Kafin rana ta kai tagar, Allah ya karɓi abinsa. Tela ne ya rufe masa ido, da ƙasar tantin a gwiwarsa.

Bayan an share makoki, Tela ya ɗaura rabin kayan a keken. Goggo ta fito da famfon mijinta, wanda hannunsa ya goge wa fenti, ta ba shi, ta haɗa masa da kwalin ashana.

"Wannan ba aro ba ne," in ji ta.

Tela ya je tafkin ya dawo lafiya, ya zauna a bakin ƙofa ya ba Goggo labarin tun daga farko. Rumfar faci, wani surukin Mai Faci ya karɓa. Goggo tana nan a gidanta. A ƙarƙashin tagar akwai turke ɗaya da Tela ya manta bai cire ba, kullum da safe in tana shara sai ta kewaye shi.