Kwandon da Ba a Leƙa Ba

Gwajin ya fito kore, alamar komai lafiya, amma ni hankalina ya ƙi kwanciya. Manhajarmu tana tura wa marasa lafiya saƙo, ta ce su sha ƙwaya kaza. Da safe muka sake ta ga mutanen gwaji, kuma ni da hannuna na saka lambar Innata a ciki, ita da hawan jininta.

A gwajin da muke yi a kwamfuta ba ma tura saƙon gaske. Ɗan aiken bogi muke kafawa, mu miƙa masa kwandon bayani, mu duba ko ya karɓa. Matsalar ita ce, da zarar manhaja ta fara gudu, alamar da ke jikin kwandon takan goge. Kwandon adadin ƙwaya da kwandon adadin awanni duk ɗaya suke a idonsa.

Na jawo kujera kusa da Dogo, wanda ya rubuta gwajin.

"Me ka ce wa ɗan aiken ya karɓa?"

"Kowane kwando," in ji shi, yana taunar bayan biro. "Da na fayyace iri sai injin ya yi ta ƙorafi, na toshe masa baki. Kore fa ne, Hajiya, ki bar neman magana."

Kore! Kai, wani lokacin Dogo sai a hankali.

"Ko duwatsu aka zuba masa, zai ce na gode ke nan?"

Na karɓe linzamin kwamfutar. Na sa tarko ya cafke kwandon da aka miƙa, mu zazzage shi mu gani da ido. Fankar sama tana ta ƙara, Dogo ya daina tauna.

Allon ya koma ja. Awanni ne a ciki. Inda ya kamata a ce ƙwaya ɗaya, an ce takwas, wato awannin da ke tsakanin sha da sha.

Innalillahi! Dogo ya ruga ya kashe tura saƙo, ni kuwa na fita baranda da waya. Ta yi ta ringi kafin Inna ta ɗauka.

"Inna! Kin sha maganin?"

"Ga su a tafina, ruwa nake jira ya huce. Na ga sun yi yawa."

"To me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Haba, Auta. Ba ke kika rubuta abin ba?"