Ƙararrawar da Walƙiya Ya Kashe

Akwai mutumin da idan an gargaɗe shi sai ya ji kamar an zage shi. Girman kai ke nan, kuma shi ya ci likitan fiɗar nan da ake kira Walƙiya. Abin takaicin shi ne bai ci shi shi kaɗai ba.

Saurin hannunsa ya ja masa sunan. Kafin wani likita ya gama yanka, shi ya ɗinke ya cire safar hannu. Yana da doka ɗaya a ɗakin tiyata. Akwai na'urar da ake liƙa wa mara lafiya wayoyinta a ƙirji, tana bin bugun zuciya, tana ƙit-ƙit da kowane bugu, in abu ya ɓaci ta kwarma ihu. Walƙiya ba ya son muryarta. Ya ce maƙaryaciya ce, waya ta ɗan goce sai ta tara wa mutum jama'a. Saboda haka da nas-nas sun ji takunsa a baranda sai su kashe sautin, a bar koren layi yana gudu a allo shiru. Mutum ɗaya ne ke kunna ta a gabansa ya kwana lafiya, wani tsohon likita mai sa marasa lafiya barci kafin fiɗa, wanda kowa ke ce wa Baban Barci.

Walƙiya yana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ma ta yi karatu mai zurfi, amma ba ta riƙe wuƙa. Aikinta bincike ne a wani gini da ke bayan asibitin, cikin kwalabe da madubin ƙara girma. Abin da take bincika ƙanana ne ƙwarai. Naman zuciya an gina shi da ƙwayoyin da ido ba ya gani, kowace ƙwaya tana da ƙofofi a jikinta, gishirin jiki na shiga yana fita ta cikinsu. Buɗewa da rufewar ƙofofin nan su ke sa zuciya ta buga, ta huta, ta sake bugawa. A cikin ƙwan kwaɗi take gwada yadda suke aiki, shi ya sa yayanta ya laƙaba mata Uwar Kwaɗi, har sunan ya bi ta.

Ba banza ta zaɓi aikin ba. Mahaifiyarsu tana shanya a tsakar gida iska ta bugo ƙofa da ƙarfi, ta zabura, ta faɗi, ba ta tashi ba. Uwar Kwaɗi ta girma da wannan a ranta. Da ta samu hali ta gwada jininta da na 'ya'yanta, ta gano wata ƙofa daga cikin ƙofofin nan tana jinkirin aiki a danginsu. Ita tana ɗauke da matsalar amma ba ta taɓa damunta ba, manyan 'ya'yanta sun tsira, sai ƙaramar 'yarta Auta ce ta gado. Mai irin wannan zuciya yana yawonsa lafiya, sai dai akwai magungunan da in an ba shi sukan ƙara danne ƙofar, zuciya ta rikice ta koma karkarwa maimakon bugu. Wasu daga cikinsu kuwa kullum ana amfani da su a ɗakin tiyata.

Auta budurwa ce mai shirin shiga jami'a, bakinta ba ya hutawa. Ita kaɗai ke shafa sanƙon Walƙiya ta ce, “Kawu, ara mini madubin nan in gyara ɗankwalina,” ya yi dariya har da hawaye. To, sai ƙaba ta fito mata a cibiya, hanji ya ɗan turo fata, aka ce sai an ɗinke. Walƙiya ya ce aikin gida ne, 'yarsa ba za ta bi layi ba, zai cusa ta cikin aikinsa na safe kamar yadda ma'aikata ke yi wa danginsu. Ta haka Auta ta tsallake duk tambayoyi da gwaje-gwajen da ake yi wa bare.

Uwar Kwaɗi ta same shi a ofis yana shan shayi.

“Yaya, maganar zuciyar Auta nake so mu yi.”

“Cibiya zan ɗinke, ba zuciya ba.”

“Na sani. Amma wanda zai sa ta barci dole ya san halin da take ciki. Akwai allurar hana amai da ba za a yi mata ba. Kuma don Allah a bar wa na'urar nan muryarta.”

Ya ajiye kofi ya dube ta sama da ƙasa. “Kwaɗin ne suka aiko ki?”

“Inna ce ta aiko ni,” in ji ta. “Kana wurin ranar da ta faɗi.”

“Kwananta ne ya ƙare. Ke dai kin samu abin rubutu kina cin abinci da shi. Na fara fiɗa kina goge majina da hannun riga, yau ke za ki tsara mini ɗakin tiyata?”

Ranta ya ɓaci har kunnuwanta suka ɗau zafi, amma ta haɗiye, don yayanta ne, kuma 'yarta za ta kwanta a ƙarƙashin wuƙarsa. Ta ce, “Ka yi mini alkawari kawai.”

“Na ji, na ji. Ja mini ƙofar.”

Ba ta yarda da wannan na jin ba. Ta nemi Baban Barci ta zayyana masa komai. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya yi mata tambayoyi, ya ce shi da kansa zai tsaya a kan yarinyar, zai zaɓi magungunan da suka dace, zai liƙa mata faifan na'urar farfaɗo da zuciya tun kafin ta yi barci. Ya ce, “Ƙararrawa kuwa, 'yata, in ta dame shi ya sa auduga a kunne.” Sai a lokacin hankalinta ya kwanta.

Da safe aka tura Auta a gadon taya, tana ɗaga wa uwarta hannu tana cewa a ajiye mata abincinta kada yayyenta su cinye. Uwar Kwaɗi ta zauna a bencin baranda. Ba ta daɗe ba sai ga Baban Barci ya fito daga wata ƙofa can gefe, yana sauri irin na tsofaffi, hularsa a karkace. Ta miƙe.

“Baba, ina za ka? Auta fa?”

“Wata mai haihuwa ce jini ya ɓalle mata. Na ce wa yayanki ya jira ni, kada ya taɓa ta sai na dawo.” Ya wuce bai tsaya ba.

Ta koma ta zauna, amma zaman ya ƙi. Ta san yayanta. Tun suna yara bai taɓa jiran kowa ba, ko a bakin kwanon abinci. Ta je ƙofar tiyata ta tambayi nas ɗin da ke tsaro ko an dakata. Nas ta ce, “Ai an fara tuni. Likita ya kira sabuwar mai sa barci.”

“Buɗe mini.”

“Ba a shiga da kayan gida, ki yi haƙuri.”

“'Yata ce a ciki! Ki shiga ki ce kada a yi mata allurar amai. Ki ruga!”

Nas ta tsaya tana jujjuya ido, tana auna fushin uwa da fushin Walƙiya. Uwar Kwaɗi ta ture ta ta danna kai cikin ɗan lungun da ake wanke hannu. Ta gilashin ƙofa ta hango su. Ɗakin tsit, sai muryar yayanta yana ba da labarin wata mota, yana ɗaure zaren ƙarshe. Sabuwar likitar ta juya baya tana fama da robar ƙarin ruwa da ta toshe. A bayansu duka, a allon da ba mai kallo, koren layin ya daina tafiyarsa ta ƙa'ida, yana murɗewa yana walwalewa kamar igiyar da yara ke kaɗawa. Ta sha ganin wannan zane a wurin aikinta. Ba ta taɓa zaton za ta gan shi da 'yarta a ƙarshen wayar ba.

Ta daki gilashin da tafin hannu biyu. “Ku dubi allo! Ku dubi allo!”

Abin da ya biyo baya gudu ne da ihu. Aka hau danna ƙirjin Auta. Na'urar farfaɗowa tana can ƙarshen baranda, sai da aka turo ta, aka warware wayoyi, aka buga mata wuta, aka sake bugawa. Zuciyar ta dawo. Amma ba wanda ya iya faɗin tun yaushe ta daina tura jini zuwa kai, domin abin da aka ajiye don ya faɗa an rufe masa baki.

Sabuwar likitar ce ta fito ta same ta. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce da aka kira ta ta tambayi Walƙiya ko akwai abin da ya kamata ta sani, ya ce yarinya ce lafiyayya kamar doki, 'yarsa ce, shi ya san ta. Ta kai hannu za ta kunna sautin, ya ce in kiɗa take so ta tafi gidan biki. Nas-nas suka yi dariya, ita kuma sabuwa ce, ta janye hannunta. Da aiki ya zo ƙarshe ta yi allurar hana amai kamar yadda ake yi wa kowa.

“Da na sani, wallahi da ban yi ba,” in ji ta tana kuka. “Kuma hannuna ne ya bar sautin a kashe. Zan faɗi haka ko a gaban wa.”

Uwar Kwaɗi ta bar ta nan tsaye. Ta wuce ɗakin da likitoci ke canza kaya. Walƙiya yana zaune a benci da rigar tiyata, hula a hannu, sanƙonsa na naso.

Ya ce, “Ta dawo ai. Zuciyar ta dawo. Irin wannan yakan faru, ƙaddara…”

“Kada ka sa Allah a cikin ƙaryarka.”

“Ke, da yayanki kike magana.”

“Da wa zan yi? Na zo ofishinka na roƙe ka kamar mai bara. Baban Barci ya ce ka jira. Sabuwar likitar nan ta tambaye ka da bakinta. Na'ura ma ta so ta gaya maka, ka sa aka shaƙe ta. Me za ka rasa in ka jira? Shayinka ne zai huce?”

“Aiki ne ƙarami, na yi irinsa ba adadi…”

“Kalma ɗaya za ka faɗa wa likitar. Ka ƙi, don kada a ce Uwar Kwaɗi ta koya wa Walƙiya aiki. Ka ɗora 'yata a kan tebur don ka nuna mini ban isa ba. To, na gani. Ka iya ɗinki, Yaya. Cibiyar ta yi kyau.”

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. “Kada ka zo inda take. In ta farka ba na son ta ga fuskarka, in ba ta farka ba kada ka zo mini gaisuwa.”

Auta ta farka, bayan an daɗe ana jira. Ta gane uwarta, ta gane yayyenta. Amma hannunta na dama ya ƙi ɗaguwa, maganar nan da ba ta tsayawa ta koma kalma ɗaya-ɗaya, kowace sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito. Maganar jami'a aka ajiye ta gefe. Uwar Kwaɗi takan zauna gabanta da cokali tana koya mata riƙewa, in ta fita baranda ta ciji gefen mayafinta don kada yarinyar ta ji kukanta.

Dangi suka taru suka ce a rufe maganar, abin gida ne, jini ɗaya ne. Wata gwaggonsu ta ce, “Ki tuna ciki ɗaya kuka fito.” Uwar Kwaɗi ta ce, “Auta ma daga ciki ta fito, Gwaggo, ba daga rami ba. Kuma gobe 'yar wani ce za ta kwanta a ɗakin nan.” Ta kai ƙara gaban hukumar da ke ba likitoci izinin aiki. Sabuwar likitar ta faɗi nata laifin da nasa. Baban Barci ya faɗi abin da ya ce masa. Nas-nas da suka daɗe suna kashe sauti don tsoronsa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka ce dokarsa ce. Da aka tambayi Walƙiya ko an gaya masa halin zuciyar yarinyar kafin fiɗa, ya ce an gaya masa.

Ga abin da girman kai ya ci masa. An karɓe izininsa, bai ƙara riƙe wuƙar fiɗa ba. An cire sunansa daga ƙofar ofis, ɗaliban da ke bin bayansa a baranda suka koma bin wani. Sunan Walƙiya da yake taƙama da shi ya zama abin da ake ce wa sabon likita in ya fara gaggawa. Ƙanwarsa ta rufe masa ƙofarta, ko a taron dangi in ya shigo sai ta ɗauki jakarta. Ya rasa yarinyar da ke shafa masa sanƙo. Sau ɗaya ya hange ta a harabar asibiti an kawo ta a gasa mata hannun da ya shanye, ya matso ya ce, “Auta, Kawu ne.” Ta dube shi, ta gane shi sarai, ta juyar da kai ta kama hannun uwarta da na hagu.